Kwamfuta ba ta san ranar da za a rufe Ɗan Issa ba

Wasu daga cikin samarin da suka karɓi ragamar kantunan iyayensu a Maraɗi sun fara dogara da manhajar da ke duba cinikin baya, ta faɗa musu katan nawa na madara ko buhu nawa na sukari za su saro. Ba ni da ja da rubuta ciniki a kwamfuta, ya fi tsohon littafin da yaron kanti kaɗai ke iya karantawa. Inda nake da ja shi ne a bar wa na'ura hukuncin sari.

Manhajar nan da jiya take auna gobe. To wace jiya za ta ɗauka a Maraɗi? A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake datse hanyar Ɗan Issa da Jibiya, garuruwan bakin iyakar Nijar da Najeriya, aka yi watanni. Kayan da a da ake saukewa a Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kwanakin hanya suka ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. A 2023 ɗin kuma naira ta faɗi, ɗan Katsina da ke zuwa sari ya ga kayan sefa sun fi ƙarfinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a cinikin shekarar da ta gabace shi. Alhajin da ke zaune ƙofar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, yana sauraren direbobi ya riga kowace na'ura jin ƙishin-ƙishin.

Azumi ma kaɗai ya isa misali. Kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11: a 2023 ya kama a ƙarshen Maris, a 2025 a farkonsa. Manhajar da ke kwatanta Maris da Maris, in ba a saita ta da watan Musulunci ba, za ta sa a cika mangaza da dabino bayan masu saye sun gama sayensu.

Sai babban aibin, wanda ba a cika lura da shi ba. Idan man girki ya ƙare maka mako biyu, kwamfuta ba ta ganin mutanen da suka tambaya suka juya. Abin da take gani shi ne ba a sayar ba, sai ta ce buƙata ta ragu, ta rage maka sari na gaba, kayan su sake ƙarewa. Ƙara da buhun da aka ba suruki bashi ba a rubuta ba, da katan ɗin da ruwa ya jiƙa a damina. Allo na cewa akwai, mangaza na cewa babu.

Kada a ce matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. A 2001 kamfanin Nike na Amurka ya ɗora wa manhajar hasashensa laifin asarar cinikin kusan dala miliyan 100: an ƙera takalman da ba a nema da yawa, waɗanda ake nema suka yi ƙaranci. Nike na da kuɗin shanye irin wannan. Mai kanti da ya saro da bashin banki ba shi da shi.

Saboda haka a ƙirga mangaza da hannu kowane mako, a ajiye littafin abin da aka tambaya ba a samu ba, kuma kada a tura kuɗin sari kafin a kira Kano da Lome a ji halin hanya da canjin ranar.