Kafin ɗalibi ya kama ɗaki a Abuja, ya fara lissafa kuɗin mota

Duk lokacin da jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka karatun digiri na biyu da na uku, nakan samu kiran waya daga 'yan uwa da 'ya'yan abokai na Kano da Zariya da Gombe, kuma tambayarsu ba ta wuce guda ɗaya: wace unguwa ce ta fi arhar haya a Abuja? Ni kuwa ba na ambata sunan wata unguwa sai na ji inda makarantar take, da yawan ranakun da mutum zai je a mako, da kuma ko yana da wani aiki da zai haɗa da karatun, domin a wannan gari nisa ne yake cinye kuɗin baƙo tun kafin ya farga.

Makarantun Abuja a warwatse suke. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, babban mazauninta yana kan hanyar filin jirgin sama kusa da Giri, ƙaramin kuma yana Gwagwalada. Jami'o'in Nile da Baze suna ta wajen Jabi, Makarantar Horas da Lauyoyi kuwa tana can Bwari. Unguwannin da suka yi suna wajen sauƙin haya, irin su Mararraba da Masaka, suna gabas cikin jihar Nasarawa, yayin da Suleja da Madalla suke cikin jihar Neja. Wanda bai san wannan ba, yana iya kama ɗaki a wannan ƙarshen gari alhali karatunsa yana wancan ƙarshen.

Haka ta faru da ɗan yayata. Ya samu ɗaki mai kyau a Masaka, ya biya kuɗin shekara yana murna, ajinsa kuma yana kusa da Giri. Da ya idar da sallar asuba sai ya fito bakin titi da jakar kwamfuta a ƙirji, ya shiga motar da ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba, ya sha cunkoson Mararraba da Nyanya, sannan ya sauya mota sau biyu kafin ya isa. Yakan dawo bayan isha'i ba ya iya buɗe littafi. Bai cika wata huɗu ba ya koma kwana a kan katifar abokinsa a Gwagwalada, ɗakin da ya biya kuwa yana kulle, kuma mai gida ba ya mayar da kuɗi.

Lissafin ya ƙara tsananta tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya dawo aiki a Mayun 2024 ya taimaka, amma ga waɗanda suke kusa da tashoshinsa kawai. Don haka abin da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne ya haɗa kuɗin haya da kuɗin mota na shekara guda, ya ɗora la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya da masu gida suke karɓa, sannan ya kwatanta unguwa da unguwa. Sau da yawa ɗakin da ya fi tsada kusa da makaranta shi ne yake fitowa da sauƙi, musamman idan mutum biyu suka haɗa hannu suka kama.

Sauran abubuwan kuwa, gani ya kori ji. Kada a biya ko sisi saboda hoton da dillali ya turo ta waya. A je da ƙafa, a dubi ƙasan bango ko akwai shatin ruwa, domin wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya. A tambayi maƙwabta ko ɗakin yana da mitarsa ko kuwa raba kuɗin wuta ake yi, da awa nawa ake samun wutar, tunda mai rubuta kundin bincike ba shi da aiki idan kwamfuta ta mutu. A san ko akwai rijiyar burtsatse ko sai an jira 'yan garuwa, a kuma bincika ko unguwar tana cikin barazanar rusau. Batun tsaro ma ba na wasa ba ne ga mai fitowa daga aji da dare, ganin yadda 'yan wan-cans, wato ɓarayin da suke fakewa da sunan motar haya, suke addabar fasinjoji, da sace mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024.

A nawa ra'ayin, ɗalibin Jami'ar Abuja ya fara dubawa a Gwagwalada da Giri da Kuje, ko da zafin Gwagwalada zai dame shi. Mai karatu ta wajen Jabi ya leƙa Lugbe da Kuchigoro da Galadimawa, na Bwari kuma ya tsaya a Bwarin ko Dutsen Alhaji. Jami'o'in su ma suna da nauyi a kansu, domin mai digiri na biyu sau da yawa magidanci ne da ya bar iyali a gida yana ciyar da gida biyu. Abu mafi ƙaranci da za su yi masa shi ne su fitar da jadawalin darussa da wuri, su faɗi mazaunin da za a yi kowane darasi, kafin ya miƙa wa mai gida kuɗin shekara.