Abin da PSG ta gano bayan tafiyar taurarinta

Tun daga shekarar 2011 da attajiran Qatar suka sayi ƙungiyar Paris Saint-Germain (PSG), buri ɗaya suka sa a gaba, wato ɗaukar kofin Zakarun Turai, kuma hanyar da suka zaɓa ita ce tara manyan sunaye. A 2017 sun biya Yuro miliyan 222 don ɗauko Neymar daga Barcelona, Mbappe ya zo daga Monaco a wannan shekarar, sannan Messi ya biyo baya a 2021. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san yadda aka riƙa cewa babu ƙungiyar da za ta iya tare waɗannan ukun. Sai ga shi Real Madrid ta yi waje da su a zagayen 'yan 16 a 2022, bayan Benzema ya zura ƙwallo uku cikin ƙasa da minti 20, a shekarar da ta biyo kuma Bayern Munich ta sake fitar da su a wannan zagayen ba tare da sun ga ragarta ko sau ɗaya ba.

Ranar 31 ga Mayun 2025, lokacin da babu ko ɗaya daga cikin ukun, PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema a birnin Munich, ta ɗauki kofin da ta shafe shekara 14 tana zubar da dukiya a kansa.

A ganina, darasin yana cikin aikin da ba a tafa wa. A ƙwallon zamani, da zarar ƙungiya ta rasa ƙwallo, dole 'yan gaba su fara matsa wa abokan karawa lamba, domin idan na gaba ya tsaya yana tafiyar ƙasaita, ɗan tsakiya zai bar wurinsa ya toshe gurbin, na baya kuma ya fito ya toshe na ɗan tsakiya, har a wayi gari akwai ɓaraka a ko'ina. Idan mutum uku suka ɗauke wa kansu wannan wahala, sauran bakwai ne za su yi gudun mutum goma, kuma komai juriyarsu sai sun gaji a lokacin da wasa ya fi zafi. Abin da ya fi gajiyar muni shi ne abin da ke shiga zuciya, don wanda ke gudu a madadin wani ya san an raba ƙungiyar gida biyu, masu zufa da masu suna.

Wannan rabon ne koci Luis Enrique ya ƙi amincewa da shi. A watan Oktoban 2024 ya ajiye Ousmane Dembele, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasansa, bai tafi da shi Landan wasan Arsenal ba saboda batun ladabtarwa. PSG ta sha kashi 2 da nema, an kuma yi ta sukar kocin. Amma kowane ɗan wasa ya ga cewa doka ɗaya ce ke hawa kan babba da ƙarami. Dembelen nan ne a wasan ƙarshe ya riƙa rugawa kan mai tsaron ragar Inter, ya hana su sakat tun daga gida. Bai ci ƙwallo ba a daren, ya dai ba da biyu aka ci, kuma kocinsa ya fito fili ya ce yadda ya yi tsaron ya isa a ba shi Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, wadda ya lashe a watan Satumban 2025.

Za a iya cewa ai PSG ba talakawa ta tara ba, kuma gaskiya ne. Ta kashe maƙudan kuɗi wajen ɗauko Kvaratskhelia daga Napoli a Janairun 2025, kuma Hakimi da Vitinha gwanaye ne na ajin farko. Haɗin kai ba ya mayar da marar iyawa gwani. Abin da ya sauya shi ne an daina sayen wanda za a gina ƙungiya don jin daɗinsa, aka koma neman wanda zai yi aikin da tsarin ke buƙata. Mu ma mun taɓa ganin irin haka a 2013, lokacin da marigayi Stephen Keshi ya bar wasu sanannun 'yan wasa a gida, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan gasar cikin gida irin su Sunday Mba, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofin Afirka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyinmu ke bin tsarin tsohuwar PSG. Akwai ma'aikacin da ba a tambayarsa dalilin makara saboda kusancinsa da shugaba, akwai kuma wanda ke rubuta rahoto cikin dare wani ya karanta a taro ya sha yabo. Ko a gayya, idan ɗan mai gona ya koma inuwa ya zauna, hannun kowa yakan yi sanyi. Shugabanni da dama suna shirya taron bita kan haɗin kai, amma kaɗan ne ke da ƙarfin halin ladabtar da na hannun damansu a ranar da suka fi buƙatarsa, su kuma jure asarar da za ta biyo baya kamar yadda Enrique ya jure ta a Landan.