Kurman yaro a Maradi: shekarun da muke zubarwa muna jiran ya yi magana

A gidaje da yawa nan Maradi, in yaro ya kai shekara biyu bai ce inna ba bai ce baba ba, abin da ake fara cewa shi ne nauyin baki gare shi, ai kawunshi ma haka ya yi. Sai a jira. Ya kai uku a kai shi wajen malam a yi rubutu, wata gwaggo ta ce a kira wanzami ya duba linzami, wani ya ce iskoki ne, kuma duk cikin wannan kai da kawo ba wanda ya lallaba ta bayan yaron ya tafa hannu da karfi ya ga ko zai waiwayo. Kafin a yarda cewa matsalar a kunne take ya kai shekara shida ko bakwai, tsararrakinshi sun shiga lakkol shi yana kofar gida yana kallon bakin mutane.

To ni a ganina wadannan shekarun su ne babbar asarar, sun fi kurumtar kanta ciwo. Kwakwalwar yaro a shekarun farko take kama harshe, kuma ba ruwanta ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Wanda ya wuce lokacin ba tare da kowane harshe ba zai sha wuya da karatu da lissafi har girmanshi, sai mu juyo mu ce ba ya da wayo, alhali mu ne muka bar shi shekara da shekaru ba wanda ya taba ba shi labari ko ya gaya mishi dalilin da aka hana shi wani abu, sai dai ja da dungure.

Kuma ba bakon abu ba ne a wajenmu. Muna cikin yankin sankarau da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma sankarau in bai kashe ba sau da yawa yakan tafi da ji. A 2010 aka kawo rigakafin MenAfriVac ya karya nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar. Ga kyanda, ga hangum, ga kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana diga mishi man ja. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da ake iya hanawa. Sannan fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, wato uwar da ba ta taba zama da kurma ba ita ce za ta wayi gari da shi a goye.

Abin da nake so iyaye su ji shi ne maganar hannu harshe ce cikakkiya, tana da nata tsari, ana fada da ita, ana ba'a, ana neman aure. Iri biyu ne ma a kasar Hausa. Akwai ta lakkol, wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma bakar fata Andrew Foster ya bude makarantar kurame a Gana a 1957 ya ci gaba da budewa a kasashen Afirka da dama, a kasashen renon Faransa aka daidaita ta da Faransanci. Akwai kuma tamu ta gado da kurame ke koya wa juna a kasuwa da tasha, wadda wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano ta fitar da littafi a 2000. Wasu 'yan lakkol na raina ta biyun wai ta kauye ce, ni ban yarda ba, balle yanzu da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ce Hausa ce harshen kasa. Yaron da ya zo aji da maganar hannun gida malamin aji ya samu abin dorawa a kai, wanda ya zo hannu sake shi ne aiki.

Na san abin da za a ce, in ya saba da hannu ba zai taba bude baki ba. Wallahi wannan tsoron ya cuci yara da yawa. Binciken masana bai nuna hannu na hana magana ba, wanda ke da sauran ji zai yi maganarshi ko yana nuni. Na'urar kunne kuma tana taimakon wasu, amma kudinta da batir dinta da gyaranta ba na mai neman jika biyun cefane ba ne, kuma ba kowace kurumta take yi wa aiki ba. Hannu kyauta ne. Malaman ma suna nan cikin gari, manyan kurame teloli da kafintoci da masu gyaran babur, ka gansu suna kiran bidiyo a WhatsApp hannu na tashi ana dariya. Uwa ta nemi daya daga cikinsu, ko wata kurma mai 'ya'ya, ta rika kai yaron, ita ma ta zauna ta koya, yayyenshi ma su koya don su ne abokan wasanshi. Haka yaron da ke ji amma baki ya ki, kamar wanda ya sha wahala wajen haihuwa ko mai galahanga, in ya iya nuna ruwa da bayi da inda ke mishi ciwo, kukan da ake ce wa rigima sai ya ragu.

Gwamnati kuma ba za ta zame ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Dinkin Duniya kan hakkin nakasassu tun 2008, kuma a ciki an ambaci koyar da maganar hannu baro-baro. Akwai lakkol din kurame a birnin Maradi, madalla, amma yaron Dakoro ko Mayahi ko kauyukan Tasawa fa, wa zai kawo shi, wa zai rike shi? Je ka likita ka ga kurma mai ciki ta zo awo, uwar mijinta ko diyarta 'yar shekara goma ce tafinta, ta yaya za ta fadi abin da ke damunta na sirri. Yarinyar da aka ci zarafinta ta je gaban 'yan sanda ko alkali, wa zai ji ta bakinta, ai masu mugun nufi sun san da haka shi ya sa suke zabarsu. Hudubar Juma'a da Islamiyya ma kurma jiki kawai yake kaiwa.

Ba sai an jira wani babban proje ba. A sa darasin maganar hannu a makarantar horon malamai da ta ma'aikatan lafiya ta Maradi, kuramen da suka iya su koyar a biya su. Ranar rigakafi ma'aikaciya ta tambayi uwa ko jariri na firgita in an buga kofa, kuma duk yaron da ya tashi daga sankarau a gwada jinshi kafin a sallame shi, in an ga alama a hada uwar da kungiyar kurame tun a satin.