Dashen da bai kama ba tukuna

A kasuwar Mile 12 ta Legas akwai wani dattijo dillalin albasa da na sani tun ina yaro. Bana hannunsa na dama ya ƙi zama wuri ɗaya, ko kuɗi sai yaronsa ke ƙirga masa. Masu cewa tsufa ne na yi, masu cewa jifa ne na yi. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce cutar Parkinson ce.

A wannan cuta, ƙwayoyin halittar da ke samar da dofamin a ƙwaƙwalwa, wato sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, su ne ke mutuwa sannu a hankali, sai karkarwa da sandarewar gaɓoɓi su biyo baya. Tun 1987 likitoci a garin Lund na Suwidin suka fara dasa wa marasa lafiya sababbin ƙwayoyi a madadin matattun. Matsalar kuwa duk wanda ya taɓa noman rani ya san ta: ka ciro iri daga bedi ka dasa, in ba ka bi shi da ruwa ba, kafin ya kama ya yi yaushi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin da aka dasa kan mutu, galibi a kwanakin farko.

A 1993 aka gano wani furotin mai suna GDNF daga ƙwayoyin giliya, waɗanda aikinsu rainon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne. Da aka haɗa shi da dashe a jikin ɓeraye, ƙwayoyin dashen da suka rayu sun ƙaru, sun kuma fi miƙa saiwa. Wannan ya faranta min rai ƙwarai, domin ya nuna ba dashen ne banza ba, kulawa ce ta gaza.

Amma ɓera ba mutum ba ne. A Bristol ta Ingila an riƙa tura GDNF kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar masu cutar, a gwajin mutum 41 da aka fitar da sakamakonsa a 2019. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna alamar farfaɗowa, amma sauƙin da suka samu bai yi wa na waɗanda aka ba maganin bogi don kwatantawa tazarar a zo a gani ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu tallar "dashen ƙwayoyin halitta" a WhatsApp suna karɓe dukiyar bayin Allah. Ko gwajin dashen da aka yi a Kyoto ta Japan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2025, mutum 7 ne kacal.

Ni a ganina, gudummawarmu ita ce mu shiga binciken. A asibitin koyarwa na Idi-Araba a Legas, Farfesa Njideka Okubadejo na cikin waɗanda suka gano a 2023 cewa wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 na ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka. Hausawan Agege da Obalende da Alaba Rago ya kamata a ce suna cikin irin wannan lissafi, a yi musu bayani da harshensu.

Shi kuwa dattijon nan, levodopa yake sha yanzu, maganin da ke ƙara dofamin a ƙwaƙwalwa. Ranar Juma'ar da ta wuce da kansa ya miƙo min canjina.