Ba Turanci ne ke hana mu rubutu a wurin aiki ba

A kowace ma'aikata akwai mutumin da shi ake nema idan aiki ya cije. A asibitin sha-ka-tafi, shi ne ya san yadda za a riƙe sanyin allurar rigakafi tsakanin maki 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius ranar da aka ɗauke wuta. Ya san sai ƙanƙara ta fara narkewa kafin a jera ta kusa da kwalaben penta, wato allurar rigakafin yara mai kariya daga cututtuka biyar, domin daskarewa lalata su take yi. Ka tambaye shi da baki, zai yi maka bayani tiryan-tiryan. Amma ka ce, "Malam, rubuta mana wannan a shafi ɗaya sabbin ma'aikata su amfana," nan take sai ka ji, "Ai ni ban iya rubutu ba." Alhali jiya-jiya ya tura saƙon murya mai tsawo a zauren WhatsApp na ofis, ko gargada babu.

Ana ɗora laifin a kan Turanci. Ni dai ban yarda ba, don akwai masu digiri biyu da gumi ke karyo musu in an ce su kawo rahoto. Tun muna firamare rubutu ya zo mana tare da jan biro da bulala. Muka kama aiki, sai muka tarar takardar da ta fi saurin iso ma'aikaci ita ce ta tuhuma. Maganar baka iska ke kwashe ta, abin da ka sa wa hannu kuwa yana nan kwance a fayil, ko bayan shekara goma ana iya zaro shi. Shi ya sa ma'aikaci yake ganin wanda bai rubuta ba bai yi laifi ba.

Wasu ogannin ma su ke rura wutar. Yaro ya kwana yana haɗa daftari, a tsayar da shi a gaban jama'a ana ƙirga masa waƙafi da aya, ba a ce uffan ba kan abin da ya zo da shi. Wa zai sake kawowa?

To ga inda abin yake ci mini rai. A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, yawancin ma'aikata suna ajiye aiki idan sun cika shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa. A yi walima, a ba mutum agogon bango, ya tafi gida da duk abin da ya sani. Takardar miƙa aikin da ya bari kuwa lissafin kujeru ne da makullai. Wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko, ya maimaita kurakuran da aka riga aka biya kuɗinsu.

In tsoron ke damunka, kada ka fara da biro. Naɗi muryarka kana yi wa ɗan bautar ƙasar da aka turo muku bayani, sannan ka saurara ka kwafe abin da ka faɗa. In da Hausa ya fi zo maka, rubuta da Hausa, mayarwa Turanci ƙaramin aiki ne. Cire sunan majiyyaci da duk wani sirrin ofis, ka ba abokin aikin da ka yarda da shi ya duba kafin ya kai teburin oga.

Ku kuma ranka ya daɗe, idan shafin nan ya iso gabanku, a daure a karanta shi har ƙarshe kafin a buɗe murfin jan biro. Gyaran nahawu a kira mai shi ofis a yi shi daga ku sai shi.