Na sayo wa Baba sifika, na dawo da ɓacin rai

Baba ya haura shekara 70, kunnensa ya yi nauyi. Talabijin ɗin yanzu kuwa, sirara kamar faranti, 'yan sifikunsu ƙasa suke kallo ko bango. Ga fanka tana kaɗawa saboda zafin Sakkwato da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga janareton maƙwabta. Tsoho yana zaune gaban tafsiri, bakin malam kawai yake gani. Shi ya sa na tara kuɗi na tafi wani shago a titin Sarki Yahaya in sayo doguwar sifikar nan da ake kira sawunba.

Sau biyu na tambayi mai shagon ko za ta hau talabijin ɗinmu, har hoton bayansa na nuna masa a waya. Ko kallon kirki bai yi ba ya ce, "Alhaji, wagga ba ta da matsala, ka jona kawai."

Na kai ta gida a unguwar Mabera, na jona wayar HDMI da ke haɗa ta da talabijin, shiru. Sai da wani yaro mai gyara ya zo ya nuna mini cewa dole ramin talabijin ya kasance an rubuta ARC a gefensa, don shi kaɗai ke mayar da sauti zuwa sifika. Namu duka na shigar da hoto ne. Talabijin yana da wani ramin fitar da sauti da ake kira oftikal, amma sifikar ba ta da shi. Mai shagon da sana'arsa ke nan bai san wannan ba? Wallahi ya sani! Na ƙara kuɗi na sayi ɗan abin Bluetooth, sauti ya zo, amma a makare: mai labarai ya rufe baki, muryarsa na tafe a baya. Baba ya ce, "Ɗan nan, kashe, kaina ke juyawa."

Kuma a kwali an dangwara 1000W, wato ƙarfin wat 1000, da manyan haruffa, alhali jikin adaftarta volt 18 da amfiya 2 aka rubuta. Ka ninka, wat 36 ke nan. Wannan ba ha'inci ba ne?

Da na mayar, sai mai shagon ya nuna mini ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a maidowa. Kwana ɗaya tal, ko ledar rimot ban ɓare ba! Na ce to a musanya mini da mai ramin oftikal, ya ce sai na cika kuɗi, don tawa ta zama ta hannu. Gobe da safe wurin shugabannin 'yan kasuwar zan kai ƙara, da sifikar da kwalinta da rasit.