Uwar da ke ɓoye a bayan zane

Wasu kan ga tsofaffin hotunan jarirai na Ingila da Amurka, da wata siffa lulluɓe da zane a bayan yaron, su ce gawa aka ɗauka ko fatalwa ce ta fito. Ba haka ba ne, yaran nan da ransu aka ɗauki hotonsu. Bayan ɓullar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya tsaya cik na ɗan lokaci kafin hoto ya kama, jariri kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa uwa take lulluɓe kanta don kada a gan ta a hoton, ta riƙe shi a cinya don hankalinsa ya kwanta. Ka duba da kyau, sau da yawa za ka ga yatsunta a ƙugunsa, ko bakin takalminta ya leƙo ta ƙarƙashin zanen.